Rodin da ke Karyewa Kamar Rake

Duk sanda bene ya rufta, ko mai ɗaurin rodi ya zo lanƙwasawa ya ɓalle masa a hannu, magana ɗaya ake yi a kasuwar kayan gini: an rage kauri. Sai a ɗauko rodi a jinjina, a buga a ƙasa a saurari ƙararsa, a yanke masa hukunci. Rage kauri ha'inci ne, ba musu. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda aka ɗauka nan matsalar ta tsaya, alhali rodi kan cika milimita 16 cif, ga nauyi, kuma ya karye kamar rake.

Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne. Ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna kamar tubala a katanga, kuma a mahaɗarsu ake yin ta. Idan zafin zallar ƙarfe ya haura digiri 912, zaman atam ɗinsa kan sauya zuwa abin da masana ke kira ostenait. Yana hucewa, sababbin ƙwayoyi masu suna ferait kan tsiro a iyakokin tsofaffin, su riƙa cin gonarsu suna tura iyaka gaba. Ostenait na shanye kabon har kusan kashi 2 cikin 100, ferait kuwa da ƙyar yake ɗaukar 0.02. Don haka iyakar na tafe tana kora kabon a gabanta kamar shara a bakin tsintsiya. Su manganis da molibdinom nawa gare su, ba sa koruwa. Sai su maƙale wa iyakar kamar ƙarangiya a gefen riga, su hana ta sauri.

Masu masana'anta da gangan suke amfani da wannan. Giram 20 na boron a tan guda ya isa ya tare iyakoki, ya jinkirta tsirowar ferait, ta yadda in an tsoma ƙarfen a ruwa taurin zai ratsa har ciki. Maƙerin da ke tsoma ruwan gatari a kasko tsere da tsirowar ferait yake shiga, ko da bai san sunansa ba.

Amma ƙofar da boron ya bi, ita fosforas ke bi. Ma'aunin rodi na Birtaniya ya ƙayyade shi a kashi 0.05 cikin 100. Mutum zai ce, wannan ɗan mitsitsi me zai yi? Ai da zai bazu kamar gishiri a miya, da sauƙi. Taruwa yake yi a mahaɗa, inda yawansa kan ninka na cikin ƙwaya sau ɗaruruwa. Tubalinka gasasshe ne, amma da yashi aka ɗaura shi. Tufar sabuwa ce, zaren ɗinkin ne ruɓaɓɓe. A 1969 injin tashar lantarki ta Hinkley Point a Ingila ya tarwatse yana tsakar juyawa, kuma bincike ya nuna ƙarfen ya yi gautsi ne ta irin wannan hanya.

Mu nan, da yake masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta ba ta taɓa narka tama ba, yawancin rodinmu daga kayan 'yan jari-bola yake fitowa. Wannan ba aibu ba ne, Turkiyya ma da tsofaffin ƙarafa take yin akasarin nata. Tantancewa ce ba a yi. Jan ƙarfen wayar mota in ya shiga tukunya ba ya fita, kuma yana narkewa a digiri 1085, sai ya kwarara cikin mahaɗa lokacin murza, ya bar tsagu. Ƙananan tukwanen lantarkin da ake yawan amfani da su kuma ba sa iya tsame fosforas sosai.

Hukumar kula da ingancin kaya, SON, kan rufe masana'anta a yi ta labari, a huce. Masu gini kuwa, wanda zai kwana yana ciniki kan farashin tayil ba zai yanki guntun rodi ya sa a lanƙwasa a gabansa, ya duba bayan gwiwar ko ta tsage ba.