Yadda Kuɗin Talla Ke Zurarewa a Google

Mai talla a Google Ads yana biya ne duk lokacin da aka danna tallarsa. To amma kalmar da ya zaɓa don tallarsa ta fito a kanta daban, abin da mai bincike ya rubuta daban. Mai sayar da farantin sola zai iya wayar gari tallarsa na fitowa ga masu neman "yadda ake gyara sola" ko "koyon haɗa sola kyauta". Sun danna, kuɗi ya fita, ba ciniki.

Akwai rahoton da ke nuna waɗannan jimloli, sai dai babban asusu kan tara dubbai a wata. Kowacce ta ci ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, don haka ido ba ya tsayawa a kanta.

A nan ne ɗan gajeren shirin kwamfuta da ake kira sikirif yake da amfani. Da JavaScript ake rubuta shi, a liƙa shi cikin asusun, a sa masa lokacin tashi, ko kowace awa, ko kullum, ko mako-mako. Mafi amfaninsu, a ganina, shi ne mai daddatsa jimloli zuwa kalma ɗaya, biyu ko uku, sannan ya haɗa lissafin kowacce: sau nawa aka danna, nawa aka kashe, ciniki nawa ya faɗa. Sai ya zuba sakamakon a Google Sheets. Nan take za ka ga "kyauta" ta ɓuya cikin jimloli masu yawa tana cin kuɗi ba ta kawo ko mutum ɗaya ba. Sai ka sa ta cikin kalmomin da aka haramta wa tallar fitowa a kansu.

Shirin na iya yin haramcin da kansa, amma kada ka sakar masa wannan. Bai san mai neman gyara yau zai iya sayen sabon faranti gobe ba. Akwai maɓallin gwaji da ke nuna abin da zai canza kafin ya taɓa komai a asusun. Ka fara da shi.

Kuma tun Satumbar 2020 Google ya daina nuna jimlolin da mutane ƙalilan suka nema, yana cewa don kare sirrinsu ne. Saboda haka ka kwatanta jimillar da shirin ya ba ka da ainihin abin da aka cire maka, domin ba za su zo daidai ba.