Me ya sa rodin da aka ciro daga rusau yake saurin karyewa?

Bayan rusau ɗin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta yi a Kano a watan Yunin 2023, an ga matasa suna zaƙulo rodi daga ɓaraguzai. Irin wannan rodi, idan aka miƙar da shi da guduma, yakan ruɗi mai gini a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni wanda tsadar kaya ta matsa wa.

Illar tana can cikin ƙarfen. Ƙarfe tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kuma a cikin kowace ƙwaya atam suna jere sahu-sahu. Idan aka lanƙwasa rodi, sahun sukan zame a kan juna ta wuraren da jerin ya sami tangarɗa. Kowace lanƙwasa tana ƙara yawan tangarɗar har su sarƙe, sai wurin ya yi tauri amma ya daina miƙuwa. Lafiyayyen rodi yakan miƙe kafin ya tsinke, siminti ya tsage, mazauna gida su gani su fice. Wanda ya sha lanƙwasa yana iya karyewa kwatsam.

Gashi a wuta yana fito da sababbin ƙwayoyi, amma zafin da ba a auna ba yana raunana ƙarfen. Hukumar SON ce ke sa ido kan ingancin rodi a Najeriya, sai dai rodin ɓaraguzai ba ya zuwa da takardar gwajin masana'anta.