Shin Ko Kun San? Gansakukar Hanta da Danginta

In damina ta yi nisa, ku duƙa ku dubi gindin katanga ko bakin rafi. Cikin koren nan da muke yi wa kuɗin goro da sunan gansakuka, akwai wani ɗan tsiro da ke manne da ƙasa, ba saiwa, ba fure, ba 'ya'ya. Turawan da sun ga siffarsa kamar hanta, suka raɗa masa sunanta, har suka riƙa maganin ciwon hanta da shi.

Shin ko kun san nau'o'insa sun haura 7,000? Kuma a duwatsun Ajantina an tono ƙwayoyin haihuwa irin nasa da suka kai shekara miliyan 470.

Shin ko kun san an daɗe ana ɗauka reshensa ne ya fara ɓallewa daga sauran tsirran tudu? Binciken ƙwayoyin gado na 2018 ya nuna shi da mos, gansakukar nan mai laushin karammiski, 'yan ɗaki ɗaya ne.

Shin ko kun san akwai fari fat a cikin nau'o'in gansakukar hanta? Aneura mirabilis yana ɓuya ƙarƙashin wata gansakukar a dazuzzukan arewacin Turai. Ba ya haɗa abinci da hasken rana. Zaren wata fumfuna ne ke zuƙo masa daga saiwar bishiya: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai a 2008 masana suka shigar da shi cikin danginsa na asali, Aneura.

Shin ko kun san wani nau'in, Mastigophora woodsii, yana tsiro a tsaunukan Sikotland da Ayaland masu yawan ruwa, sannan a can Himalaya da yammacin Kanada? Wasu masana sun ce ragowar tsohon yaɗuwa ne, wasu sun ce iska ce ta kwashi ƙwayoyinsa ta tsallaka teku da su.

Shin ko kun san wata gansakuka mai suna Takakia ta fi shekara 100 ana lissafa ta a gidan gansakukar hanta? A 1990 aka same ta ɗauke da kwanson haihuwa a tsibiran Alushiyan na Alaska, aka duba, ashe mos ce. Kama da wane ba wane ba ne.