Ko Ka Sani? Fayil ɗin da Ya Ƙi Buɗuwa a Wata Kwamfutar Ba Lalacewa Ya Yi Ba

Ko ka san cewa Word da Excel suna aiki a kwamfutar Mac ta kamfanin Apple, har ma a wayar Android, amma ɗan'uwansu Access bai taɓa barin Windows ba? Tun 1992 kamfanin Microsoft ya fito da wannan manhaja ta adana bayanai, kuma har yau bai yi mata nau'in da zai zauna a kan wata babbar manhajar ba. Shi ya sa ma'aikacin asibiti a Gummi zai kwafi rijistar marasa lafiya a filash, ya soka ta a kwamfuta mai Linux, ko ya tura wa wayarsa, ya danna ya sake dannawa, shiru. Sai ka ji an ce bairos ya cinye shi. Galibi kuwa lafiyar fayil ɗin ƙalau. Wasiƙar ajami ce ta faɗa hannun wanda boko kaɗai ya iya: maganar tana nan daram, mai karantawa ne babu.

Fayil ɗin Access sunansa yana ƙarewa da .mdb idan tsoho ne, ko .accdb daga 2007 zuwa yau. A cikinsa akwai jadawalai, wato ainihin bayanan, layi-layi. Akwai kuma fom ɗin da ake cikewa, da rahoton da ake bugawa, da ƙananan umarnin da mai ginawa ya rubuta domin su yi lissafi da kansu. Duk a dunƙule cikin fayil ɗaya, kuma wani inji na Microsoft, Jet a da, ACE a yanzu, shi ya san yadda aka jera su.

Ceto irin waɗannan bayanai ba ƙaramin abu ba ne, kuma mutanen Anka da Bukkuyum sun fi kowa sanin amfanin rijista mai dogon rai. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna jinin yara fiye da 8,000 kafin ta miƙa aikin ga ma'aikatar lafiya ta jihar a 2022. Yaron da ya sha wannan guba ba sau ɗaya ake auna shi ba. A auna, a ba shi magani, a sake aunawa, wani har shekaru. Irin wannan rijista jadawali biyu take bukata: ɗaya na yaran, kowa da lambarsa da ƙauyensa, ɗaya na awon jini, kowane awo ɗauke da lambar mai shi. Idan lambar nan ta ɓata wajen ƙaura daga kwamfuta zuwa kwamfuta, awon yaron Dareta zai iya komawa kan yaron Abare. Illar dalma kuwa tana bin mutum har girmansa, don haka likitan da zai ga wannan yaro yana da shekara 25 yana da haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa yana da shekara biyu.

Maganar ta shafi ofisoshin lafiya da yawa. Epi Info, manhajar hukumar CDC ta Amurka da jami'an bin diddigin cututtuka a Najeriya suka daɗe suna aiki da ita, a fayil ɗin Access take zuba bayananta. Ita ma DHIS, kakar DHIS2 da ake tattara alƙaluman asibitocin ƙasar nan da ita, a kan Access aka fara gina ta kafin a mayar da ita intanet.

To, me ake iya cetowa? Jadawalan, kusan kullum. A Linux da Mac akwai mdbtools, kyauta, da ke zaro su ɗaya bayan ɗaya. LibreOffice Base ma yana karanta su idan aka haɗa shi da UCanAccess. Fom da rahoto da umarnin lissafi kam ba sa bin ka, sai dai a sake ginawa. Ko a cikin Windows ɗin ma ba a tsira ba: Access na 2013 da waɗanda suka biyo shi ba sa buɗe fayil ɗin Access 97.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fitar da kowane jadawali a matsayin CSV, rubutu zalla da waƙafi tsakanin bayanai, wanda kowace na'ura ke ganewa. Amma a nan Bahaushe yake da tarko nasa na musamman. Idan ba a zaɓi tsarin haruffa na UTF-8 wajen fitarwa ba, haruffa masu lanƙwasa sukan koma alamar tambaya, Ɗanjuma ya zama ?anjuma, mai neman sunansa ya neme shi ya rasa. Excel kuma yakan haɗiye sifilin farko na lambar waya, 0803 ta koma 803. Kwanan wata shi ya fi ban tsoro, domin ba ya nuna alamar ya karkace: 03/04/2010 a wurinmu 3 ga Afrilu ce, a kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris. A fara da shekara, 2010-04-03, rigima ta ƙare.

A ganina duk wanda zai gina sabuwar rijista yau, ya duba SQLite, wata manhajar adana bayanai wadda Richard Hipp ya ƙirƙira a 2000. Tana cikin kowace wayar Android, a cikinta WhatsApp ke ajiye saƙonninka, kuma fayil ɗinta iri ɗaya ne a Windows da Mac da Linux. Mai tsohon .mdb kuma kada ya jira ranar da kwamfutar ofis za ta mutu. Ya fitar da jadawalan tun tana tashi, ya rubuta a takarda wace lamba ce ke haɗa wane jadawali da wane, ya buɗe kwafin a wata na'urar ya ƙirga layukan ya ga sun cika. Idan sunayen marasa lafiya ne a ciki, ya kulle filash ɗin da kalmar sirri, kada ya ɗora shi a shafukan intanet masu cewa za su juya maka fayil kyauta.