Iskar oksijin zalla da huhun masu nutso a ƙarƙashin ruwa

'Yan'uwa, yawancinmu a Briqueterie mun san oksijin ne a asibiti, a matsayin iskar da ake sa wa wanda numfashinsa ya sarƙe. Shi ya sa mutum zai yi mamaki in aka ce ita ma tana iya yi wa huhu lahani. Amma haka abin yake, kuma ya shafi matasan da ke sha'awar aikin nutso a teku wajen Kiribi ko Limbe, inda ake gyaran jiragen ruwa da bututun mai.

Iskar da muke shaƙa kullum, kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin. A cikin ruwa kuwa, duk mita 10 da mutum ya sauka, matsin da ke kansa na ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar duniya gaba ɗaya. Wanda ke shaƙar oksijin zalla a zurfin mita 5, abin da ke shiga huhunsa ya haura ninki bakwai na abin da muke samu a nan Messa. Sojojin ruwa na amfani da irin wannan na'ura saboda ba ta fitar da kumfar da za ta tona asirinsu.

Tun 1878 Bafaranshe Paul Bert ya nuna cewa oksijin mai matsi na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, shi ya sa ba a wuce kimanin mita 6 da ita. A 1899 kuma likita Lorrain Smith ya gano illarta ga huhu. Ita wannan a hankali take zuwa. Oksijin mai yawa tana haifar da sinadaran da ke cin fatar cikin hanyoyin numfashi, sai wurin ya kumbura. Da farko ƙaiƙayin maƙogwaro ne da busasshen tari, daga nan zafi a ƙirji in an ja dogon numfashi, sannan yawan iskar da huhu ke iya ɗauka ya ragu.

Nutso ɗaya na ɗan lokaci ba kasafai yake barin wani abu ba, huhu kan warke cikin kwanaki. Matsalar ita ce a shiga yau, a shiga gobe, a koma jibi, kafin kumburin jiya ya saɓe. Nan ne lahanin ke taruwa, kuma mai aikin kan ɗauka mura ce. Don haka ake lissafa sa'o'in oksijin na kowane ma'aikaci, a sa masa ranakun hutu, a riƙa auna ƙarfin hurawarsa da na'ura. Mai shan taba kuwa ya ƙara wa kansa nauyi.

Masu nutso ɗebo yashi a kogin Sanaga, wanda ake gini da shi a Yawunde, nasu daban ne: numfashi suke riƙewa, haɗarinsu ƙarancin iska ne.

Kada wannan bayani ya sa wani ya hana a sa wa majinyacinsa oksijin a asibiti. A can da awo ake ba da ita, likita na duba adadinta a jini, yana ragewa da zarar jiki ya samu abin da yake buƙata.