Kusancin Makirufo da Baki Ya Fi Tsadarsa Muhimmanci

Duk wanda ke buga wasan bidiyo na haɗin gwiwa ta intanet ya san koken da ake yawan ji a tsakiyar wasa: "Ba ma jin ka," ko "Muryarka kamar daga rijiya," ko "Wace ƙara ce wannan a bayanka?" Abin da ke fara zuwa zuciyar wanda aka yi wa koken shi ne makirufonsa ba shi da kyau, don haka sai ya soma tara kuɗin sayen wani. Sau da yawa ba a nan matsalar take ba. Makirufo mai matsakaicin kuɗi da aka ajiye shi daidai zai fitar da murya mafi tsabta a kan mai tsada da aka yasar can kusa da allon kwamfuta. Shi ya sa hannun ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake maƙala makirufo a jikinsa, irin wanda ake gani a ɗakunan watsa shirye-shirye na rediyo, ya cancanci a ɗauke shi a matsayin kayan aiki na gaske, a kuma koyi yadda ake kafa shi.

Hujjar farko daga ɗabi'ar sauti kanta take. Idan murya ta bar baki tana bazuwa, kuma duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin da ke isa ga makirufo yana raguwa da kusan desibel 6. Makirufon da ke zaune a kan ƙaramar ƙafarsa a tebur yakan kasance kimanin santimita 60 daga bakin mai wasa. A matso da shi zuwa santimita 30, murya ta ƙaru da desibel 6. A sake matso da shi zuwa santimita 15, ta ƙaru da wasu 6, jimilla 12. Abin lura shi ne sauran ƙararrakin ɗakin ba su ƙaru ba. Fanka tana inda take, janaretan maƙwabta yana inda yake, amsa-kuwwar da bangon siminti da tayil ke dawo da ita kusan ɗaya take a ko'ina cikin ɗakin. Da zarar murya ta yi ƙarfi haka, sai mutum ya rage ƙarfin ɗaukar makirufon da desibel 12 ɗin nan, muryarsa ta koma yadda take, hayaniyar kuwa ta yi ƙasa da wannan adadi. Kamar wanda ya yi maka raɗa a kunne ne a tsakiyar kasuwa: kasuwar ba ta yi shiru ba, amma ka ji shi sarai saboda kusancinsa. Babu wani ƙarin kuɗi a farashin makirufo da zai sayo wa mutum wannan ribar idan tazarar ba ta canza ba.

To, ta yaya makirufo zai kai santimita 15 daga baki alhali hannuwa biyu suna kan kibod da linzami? Nan ne aikin hannun ƙarfen. Ana ɗaure gindinsa a gefen tebur, shi kuma ya riƙe makirufon a iska, a duk inda aka tsayar da shi. Dabarar da ke ba shi damar tsayawa cak ba sabuwa ba ce, ita ce ta fitilar tebur mai sifirin da wani injiniyan motoci ɗan Ingila, George Carwardine, ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1930: sifirin yana ja daidai da nauyin abin da aka rataya. Wannan na nufin kowane hannu yana da iyakar nauyin da aka yi shi dominsa. Rode PSA1, wanda ya yi suna a wurin masu shirye-shirye, an yi shi ne don makirufo mai nauyin giram 700 zuwa kilo 1.1. A ɗora masa wanda bai kai haka ba, sai ya riƙa tashi sama da kansa; a ɗora wa ƙaramin hannu mai araha makirufo mai nauyi, sai ya riƙa sunkuyowa a hankali har ya bar baki ana tsakiyar wasa. Don haka kafin a sayi hannu, a fara sanin nauyin makirufon, a kuma duba bakin zaren da ake ɗaura shi, domin iri biyu ne suka fi yawa, na inci 5/8 da na inci 3/8, ko da yake akan sami ɗan ƙaramin mahaɗi da ke haɗa su.

Akwai amfani na biyu da ba a cika ambata ba. Ƙarar kibod tana isa makirufo ta hanya biyu, ta iska da kuma ta jikin katako. Makirufon da ke zaune a tebur yana jin kowane dannawa da kowane bugun gwiwar hannu a matsayin wani dum-dum mai kauri. Hannun ƙarfe yana rage wannan, amma ba ya kashe shi gaba ɗaya tunda shi ma a teburin aka ɗaure shi. Maganin shi ne a ɗaure gindin nesa da kibod, a wurin da katakon ya fi ƙwari, a sa makirufon cikin kejin nan mai igiyoyin roba da ke shanye girgiza, a kuma bar wa wayar ɗan sassauci a kowace gaɓa don kada ta ɗame idan an ja hannun.

Kusanci kuma yana da nasa sharaɗin. Idan makirufo ya tsaya tsaf a gaban leɓe, iskar da ke fita tare da haruffa irin su b da f da t da k tana bugun sa kai tsaye, mai sauraro ya ji wani buf mai cutar da kunne. Ba a magance wannan da ja da baya. A kauda makirufon gefe kaɗan, wajen kumatu, da kwana kamar digiri 30 zuwa 45, amma fuskarsa tana kallon bakin. Murya tana bazuwa ta same shi, iskar kuwa ta wuce ta gabansa. Soso ko ragar tace iska suna ƙara taimakawa. Haka nan, makirufon da ke ɗaukar sauti daga gaba yana ƙara wa murya kauri idan an matso shi sosai. Kaɗan daga wannan kaurin shi ne abin da ke sa muryar ma'aikacin rediyo ta yi daɗi, amma idan ya yi yawa kalmomi suna cuɗewa, kuma a wasan da ake buƙatar a ji "yana hagunka" cikin daƙiƙa guda, fitar kalma ta fi daɗin murya. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne faɗin hannu zuwa taƙi ɗaya. Irin da ake kira dainamik, kamar Shure SM7B, yana son a matso shi sosai, santimita 5 zuwa 10. Irin kwandensa, da ya fi saurin ɗaukar ƙananan sautuka, yakan yi kyau a santimita 15 zuwa 20.

Sai batun inda bayan makirufo ya dosa, wanda a ganina shi ne abin da mutane suka fi sakaci da shi. Yawancin makirufon da ake sayar wa masu wasa suna ji sosai ta gaba, suna ji kaɗan ta gefe, ta baya kuwa kusan kurame ne. Wannan kurumtar kyauta ce, sai a nufi abin da ya fi damun mutum da ita. Idan kibod ne, a sa makirufon tsakanin baki da kibod, ɗan ƙasa da haɓa, yana kallon sama zuwa baki, bayansa yana kallon madannan. Wanda ya rataye shi daga sama yana kallon ƙasa ya nufi fuskarsa ne ga baki da kibod a lokaci guda, don haka kada ya yi mamaki in abokansa suna jin kowane dannawa. A kuma tabbatar an san ina ne gaban. SM7B ta kansa ake magana, amma Blue Yeti, wanda ya fito a 2009 kuma ya bazu a wurin masu wasa, ta gefe yake ji, gefen da tambarin kamfanin yake. Mutane da yawa suna kwantar da shi suna magana ta ƙoƙon kansa, sannan su ce bai da kyau. A ƙasar zafi kuwa, inda ba a zama ba fanka, a kula kada iskarta ta bugi makirufon kai tsaye, domin bugun iska ya fi ƙarar fankar kanta ɓata sauti.

Wani zai ce duk wannan wahala ce a zamanin da manhaja ke share hayaniya. Gaskiya ne Discord ya shigo da fasahar Krisp a 2020, kuma a shekarar ce NVIDIA ta fitar da RTX Voice, dukansu suna aiki abin mamaki. Sai dai aikinsu shi ne rarrabe murya daga hayaniya, kuma idan su biyun sun zo da ƙarfi kusan ɗaya, manhajar takan yanke ƙarshen kalmomi ko ta mayar da murya kamar ta na'ura. Idan aka ba ta murya mai ƙarfi da hayaniya 'yar kaɗan, gyara kaɗan za ta yi, muryar ta fito da kamanninta. Wani kuma zai ce hannun yana tare allo. Wannan koke ne na gaskiya, amma yawanci daga wurin ɗaurin yake. A ɗaure shi a gefen da hannun linzami ba ya kaiwa, a shigo da makirufon daga gefe ƙasa da layin ido, ko a nemi irin hannun da ke bi ƙasa-ƙasa ya ratsa ta ƙarƙashin allo.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa hedfon mai ɗan makirufo a jiki ya wadatar. Ga wanda hira da abokan wasa kawai yake yi, musamman mai buga PUBG Mobile ko Free Fire a waya, suna da gaskiya, kuma bai kamata a sa shi kashe kuɗi a banza ba. Amma a lura da dalilin da ya sa wannan ɗan ƙaramin makirufo mai araha yake biyan buƙata: yana kusa da baki, a gefensa, kuma tazararsa ba ta canzawa ko da an juya kai. Wato hujjar da muke kafawa ce yake tabbatarwa. Mai watsa wasansa a Twitch ko YouTube ko TikTok, wanda mutane za su saurare shi na sa'o'i, shi ne ke buƙatar babban makirufo, kuma dole ya sama masa irin wannan kusancin.

Saboda haka a zauna yadda ake zama idan wasa ya yi zafi, a kawo makirufon wurin bakin, kada a miƙa wuya ana bin sa. Sannan a daidaita ƙarfin ɗauka. A manhajar OBS, magana ta yau da kullum ta tsaya a yankin ruwan ɗorawa na ma'aunin sauti, wato tsakanin desibel -20 da -9, ta yadda ihun murna ba zai fasa sautin ba. Mai karatu, kafin ka biya kuɗin sabon makirufo, ɗauki muryarka ta minti ɗaya a inda naka yake yanzu kana danna kibod, ka matso da shi taƙi ɗaya daga gefen bakinka ka rage ƙarfin ɗaukarsa, ka sake ɗauka, sannan ka saurari duka biyun ka yanke hukunci da kunnenka.