Matsalar Adireshin Na'urori a Hanyar Sadarwa ta Cikin Gida

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayani a kan wata matsala da ta zama ruwan dare a gidajen da suke amfani da rauta, watau na'urar da take karɓo intanet daga kamfanin sadarwa ta rarraba wa kwamfutoci da wayoyin gida. Da zarar aiki ya tsaya, akasarin mutane sukan ɗora wa kamfani laifi. Abin da za a nuna a nan shi ne, sau da yawa laifin bai ƙetare ƙofar gida ba, kuma tushensa adireshi ne.

Kowace na'ura da ke son aikawa ko karɓar saƙo tilas ta sami adireshi. Tsarin da aka fi sani, IPv4, an shimfiɗa shi a shekarar 1981, kuma ya ƙunshi lambobi huɗu, kowace daga 0 zuwa 255, alal misali 192.168.1.20. Jimlar adireshin da wannan tsari zai iya bayarwa kimanin biliyan 4.3 ce, ba ta kuwa ishi duniya ba. A shekarar 1996 aka tabbatar da rukuni uku domin amfanin cikin gida kaɗai: masu farawa da 10, da 172.16 zuwa 172.31, da kuma 192.168. Saboda haka rauta tana da adireshi biyu, na waje wanda kamfani ya ba ta, da na ciki wanda na'urorin gida suka san ta da shi. Matsayinta kamar na zaure ne, baƙo ba ya wuce shi sai an yi masa iso.

Rauta ce take raba adireshin cikin gida ta wata ƙa'ida mai suna DHCP, wadda ta fito a 1993. Abin lura shi ne, aro take bayarwa na wani ƙayyadadden lokaci, ba kyauta ba. Na'urar da ta sami lamba 20 yau tana iya samun 23 gobe.

Idan sadarwa ta yanke, hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara bincike daga kusa a nufi nesa. Da fari a duba adireshin da na'urar take ɗauke da shi. In ya fara da 169.254, to, ta nemi aro ba a amsa mata ba, shi ya sa ta laƙaba wa kanta wannan lamba. A nan babu ruwan kamfani. Sai a duba kebul, ko haɗin waifai, ko a kashe rauta a sake kunnawa. In kuwa adireshin daidai ne, sai a aika wa rauta saƙon gwaji da umurnin ping. Idan ta amsa, a gwada wani adireshi na waje da aka sani, kamar 8.8.8.8 na kamfanin Google. In wannan ya amsa amma shafuka suka ƙi buɗewa da sunayensu, matsalar tana ga DNS, watau tsarin da yake juya suna zuwa lamba. Sai fa idan rauta ta amsa, waje ya yi shiru, sannan ne ya kamata a tuhumi layin kamfani.

Akwai kuma na'urorin da canjin adireshi yake cutarwa, musamman na'urar buga takardu. A inda ake yawan ɗauke wuta, rauta takan mutu ta tashi sau da dama a yini, wasu kuwa sukan manta da rabon da suka yi. Sai malami ya aika da takardun jarrabawa zuwa tsohuwar lamba, ya zauna yana jiran abin da ba zai fito ba. Magani iri biyu ne. Ana iya rubuta wa na'urar adireshi da hannu, amma wajibi ne ya kasance a wajen jerin da rauta take rabawa. Idan tana raba 100 zuwa 199, a zaɓi 50. In ba haka ba, wata rana za ta ara wa wata waya wannan lamba, na'urori biyu su yi ta karo, sadarwa tana zuwa tana yankewa, wanda ya fi yankewa gaba ɗaya wuyar ganewa. Hanya ta biyu, wadda a ganina ta fi, ita ce a umurci rauta ta keɓe wa na'urar adireshi ɗaya bisa lambarta ta asali, wadda ake kira MAC, domin duk rabon ya zauna a hannu guda. Sai dai wayoyin zamani, tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, sukan ɓoye lambarsu ta asali su nuna wata, kuma wannan tana iya canjawa, keɓewar ta tashi a banza.

Wani kuskuren kuma shi ne a ƙara rauta ta biyu domin faɗaɗa waifai, a haɗa ta da ta farko a jeri ɗaya, a bar dukansu suna raba adireshi. Wadda ta riga amsawa ita na'ura za ta bi, ko da kuwa ba ita ce mai hanyar fita waje ba. Gyaran shi ne a kashe DHCP a ta biyun, a kuma ba ta adireshin da bai yi daidai da na ta farko ba.